Adabin Italiya da Rahoton Lab: Abin da Na Koya Daga Primo Levi

A zangon da ya wuce malamin da ke duba aikina na kammala karatu ya dawo mini da babi na uku sau biyu. A karo na biyu bai ma ɓata jan bironsa ba, tambaya ɗaya ya yi mini: "In na ba wani wannan takarda, zai iya maimaita gwajin ba tare da ya kira ka a waya ba?" Na yi shiru, don na san amsar. Na rubuta "a zuba kaɗan", na rubuta "a bar shi ya ɗan jima", kuma ni kaɗai na san nawa ne kaɗan ɗin.

A makon ne wani malami ya ara mini littafin wani Ba'italiye mai suna Primo Levi, wanda fassararsa ta Ingilishi ke ɗauke da sunan The Periodic Table. Na ɗauka littafin kemistiri ne. Ashe littafin labarai ne, irin wanda ake nazari a sashen adabi na jami'o'in Italiya. Daga nan na shiga bin sawun marubutan ƙasar na ƙarni na 20, na kuma tarar da abin da ban zata ba: da yawa daga cikin manyansu irin karatunmu suka yi. Akwai akanta, akwai safiyo, akwai injiniya, akwai mai haɗa fenti.

An haifi Levi a birnin Turin a 1919. Bayahude ne, kuma a 1938 gwamnatin Mussolini ta kafa dokokin wariya ga Yahudawa. Da yake ya riga ya shiga jami'a, an bar shi ya ƙarasa, ya samu digirin kemistiri a 1941. A ƙarshen 1943 aka kama shi cikin 'yan gwagwarmaya, a watan Fabrairun 1944 aka loda shi a jirgin ƙasa tare da mutum 650 zuwa sansanin Auschwitz, 'yan ƙalilan ne suka dawo. A ɓangaren da aka kai shi Jamusawa na gina masana'antar roba, suna neman masana sinadarai. Aka yi masa jarrabawar baka cikin Jamusanci, daga baya aka sa shi a ɗakin gwaje-gwaje, ya yi watannin sanyi na ƙarshe a ƙarƙashin rufi. Shi da kansa ya danganta tsirarsa da sa'a, da kuma wani magini ɗan ƙasarsu da ya riƙa kawo masa miya a ɓoye. Ya dawo gida a watan Oktoban 1945, ya rubuta abin da ya gani a littafin Se questo è un uomo, wanda ya fito a 1947. Babban kamfanin ɗab'i na Einaudi ya ƙi littafin da farko, sai a 1958 ya buga shi. Duk wannan lokaci Levi na aiki a masana'antar fenti, bai bar ta ba sai a shekarun 1970.

Littafin da aka ara mini ya fito a 1975. Babi 21 ne, kowane babi da sunan wani sinadari daga jadawalin da muke haddacewa, ya fara da agon ya ƙare da kabon. Babin da ya kama ni shi ne na kuromiyom. Bayan yaƙi Levi ya samu aiki a wata masana'anta, aka nuna masa tarin fenti da ya daskare ya zama kamar hanta, aka ce ya gano dalili. Sai ya koma kan tsofaffin katunan gwaji. Ya lura sakamakon gwajin wani sinadari kusan lamba ɗaya yake bayarwa shekara da shekaru, abin da duk wanda ya taɓa aiki a lab ya san ba ya faruwa. Ya duba umarnin gwajin, ya ga an ce a ɗiga ɗigo 23 na wani ruwan gwaji. Da ya tono tsohon katin, ashe "ɗigo 2 ko 3" aka rubuta, mai kwafa ya tsallake "ko" ɗin da ta dushe. Ɗigo 23 na lalata gwajin, sai a riƙa amincewa da kayan da ya kamata a mayar. Kalma ɗaya ta jawo asarar tulin kaya.

Labarin bai tsaya nan ba. Levi ya gano cewa amoniyom kulorayid na warware daskarewar, aka sa shi cikin haɗin. Shekaru bayan ya bar wurin, matsalar ta riga ta gushe, amma ana nan ana zuba sinadarin, babu wanda ya san dalili. A babin akwai kuma labarin wani tsohon tsarin dafa mai da ya ce a jefa yankan albasa. Asalinsa, kafin a samu ma'aunin zafi, in albasar ta fara soyuwa an san man ya kai. Ma'auni ya zo, albasa ta zauna. Ku faɗa mini gaskiya, a cikin littattafan gwajin da muke kwafa daga waɗanda suka gabace mu, albasa nawa ce a ciki?

A wata hira da marubucin Amurka Philip Roth, Levi ya nuna cewa abin koyinsa wajen rubutu shi ne rahoton mako-mako na masana'anta, wanda dole ya zama daidai, gajere, kuma kowa ya fahimta. Wato abin nan da muke raina, muna yi don maki kawai, shi ne ya zama salon ɗaya daga cikin manyan marubutan Turai. Da wannan salo ya ba da shaidar Auschwitz, ba ihu, ba ƙarin gishiri, kuma shi ya sa mai karatu ke gaskata shi.

Ba shi kaɗai ba ne. Eugenio Montale, ɗan Genoa da aka haifa a 1896, takardar akanta ya samu. Littafin waƙoƙinsa na farko, Ossi di seppia, ya fito a 1925, kuma abubuwan da ido ke gani ne suka cika shi: itacen lemon tsami, bakin teku, zafin rana, katanga mai fasassun kwalabe a samanta. An kore shi daga shugabancin wani ɗakin karatu a Florence a 1938 don bai shiga jam'iyyar Mussolini ba, ya samu kyautar Nobel a 1975. Salvatore Quasimodo na tsibirin Sisili makarantar fasaha ya yi a Messina, ya yi aikin safiyo a ma'aikatar ayyuka ta gwamnati, shi ma ya ci Nobel a 1959. Carlo Emilio Gadda injiniyan lantarki ne daga Politecnico ta Milan, wadda a can matsayin jami'a take da shi, har Ajantina ya je aiki. Italo Svevo na Trieste ma'aikacin banki ne, daga baya ya koma kamfanin surukinsa mai yin fentin jiragen ruwa. James Joyce ne ya koya masa Ingilishi, shi ne kuma ya taimaka duniya ta san littafinsa La coscienza di Zeno na 1923. Italo Calvino ma aikin gona ya fara karantawa a jami'a kafin yaƙi ya katse shi, ya koma adabi.

Ban ce sana'a ce ta sa su zama marubuta ba, don kuwa akantoci nawa ne ba su taɓa rubuta baiti ɗaya ba? Kuma ba duka ne masu sauƙin karantawa ba. Gadda na cakuɗa karin harshe iri-iri har 'yan ƙasarsa ma suna gumi, waƙoƙin Quasimodo na farko kuma na cikin salon da ake kira ermetismo, wato rufaffen zance. Abin da na gani dai shi ne mutanen da suka saba awo da lissafi ba su ɗauki adabi a matsayin gonar wasu ba.

To yaya ake nazarinsu a can? A jami'o'in Italiya digirin farko shekara 3 ne, kuma adabin zamani darasi ne mai zaman kansa. Yawancin jarrabawar adabi ta baka ce: ɗalibi ya zauna gaban malami, a buɗe masa shafi, ya karanta, ya yi bayani. Maki 30 ne, 18 ne cin jarrabawa. Tun daga sakandare suna da wani mataki da suke kira parafrasi, wato ka sake faɗin waƙar layi-layi da kalmominka na yau da kullum kafin ka ce komai game da ma'anarta. A irin wannan jarrabawa haddar takardar malami ba ta fitar da kai.

Na gwada tsarin da fassarar Ingilishi, ga yadda na yi. Na farko, na karanta da ƙarfi, ko da abokan ɗaki za su yi dariya. Na biyu, na rufe littafin na faɗi abin da ya faru da Hausa. Duk inda Hausar ta maƙale, nan ne ban gane ba, sai in koma. Na uku, na jera abubuwan da marubucin ya ambata da suna, kamar yadda muke jera kayan aiki a farkon gwaji. Na huɗu, na nemi shekarar da aka rubuta abin da halin da ƙasar ke ciki. Misali Giuseppe Ungaretti, wanda aka haifa a Iskandariyya ta Masar a 1888, wasu waƙoƙinsa kalmomi ƙalilan ne kawai. Sai ka san cewa soja ne a ramukan yaƙin duniya na farko, yana rubutu a guntayen takardu, kuma littafinsa na farko kwafi 80 aka buga a 1916, kafin ka gane me ya sa ba ya ɓarnar kalma. Sai a ƙarshe nake tambayar kaina ko na yarda da marubucin.

Wani abu guda: fassara tana cin sautin waƙa. Duk wanda ya ji an mayar da waƙar Shata ko ta Aƙilu Aliyu zuwa Ingilishi ya san abin da ke zubewa a hanya. Saboda haka ga wanda bai iya Italiyanci ba, shawarata ya fara da zube, Levi ko Calvino, in ya zo kan waƙa ya nemi bugu mai harshe biyu, ya kuma saurari yadda ake karanta ta a intanet.

Na san za a ce, ga jarrabawa, ga kuɗin makaranta, ga neman aiki, ina lokacin adabin Italiya? Gaskiya ne. Amma babin kuromiyom bai fi zama ɗaya ba, kuma gobe mu ne za mu sa hannu a sakamakon gwajin ruwan sha, ƙarfin kankare, da lissafin kuɗin jama'a. In muka kwafa ba tunani, wani ne zai sha ruwan, wani ne zai kwana a ginin.

Babi na uku kuwa, na zauna na sake shi daga farko. Duk inda na ce "kaɗan" na sa adadin mililita, duk inda na ce "ya jima" na sa mintoci. Na tarar da mataki ɗaya da na kwafo daga aikin wani tsohon ɗalibi, na tambayi masu kula da lab, babu wanda ya san amfaninsa. Na gwada ba tare da shi ba sau uku, sakamako bai canza ba, na cire shi na rubuta dalili. Sannan na ba wata 'yar ajinmu takardar, na zauna a waje, ta yi gwajin ita kaɗai. Sau ɗaya ta leƙo ta tambaye ni abu, na koma na gyara layin. Malam ya sa hannu a karo na uku.

Littafin na mayar wa mai shi, amma na roƙi ɗakin karatu su nemo kwafi. In kun je ku ma ku tambaya, wataƙila in bakuna suka yi yawa a saya. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.