Kwaikwayo da Ba'a

Garin Hunkuyi yana ƙasar Zazzau, arewa da birnin Zariya, shi ne kuwa hedkwatar ƙaramar hukumar Kudan. Mutanensa manoma ne, suna noman rake da masara da dawa. In azumi ya kwana goma, yara a Hunkuyi, kamar sauran garuruwan Hausa, sukan fita tashe bayan an sha ruwa. Wani ya manna gemun auduga, ya ɗauki sanda, ya riƙa takawa da ƙyar kamar tsoho. Mutanen gida su yi dariya, su ba su hatsi ko kuɗi. Wannan shi ake kira kwaikwayo, watau mutum ya yi abu kamar yadda wani ke yi.

Kwaikwayo ba laifi ba ne. Da shi jariri ke koyon magana, da shi ɗan maƙeri ke koyon riƙon masaba. A ƙauyukan Zazzau, da kaka ta yi, samari sun saba yin wasan kalankuwa, su naɗa sarkinsu da alƙali da dogarai, su kwaikwayi zaman fada. 'Yan kama kuwa muryar manyan mawaƙa suke ɗauka, su juya waƙar ta koma zancen tuwo da miya. Malam Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta littafin wasan kwaikwayo mai suna Zamanin Nan Namu, aka buga shi a 1959, don mutane su ga munanan halaye a fili, su guje su.

Amma akwai kwaikwayon da ake yi don a muzanta mutum. In yaro ya bi bayan gurgu yana ɗingishi, ko ya maimaita maganar mai i'ina don 'yan'uwansa su yi dariya, to, wannan ba'a ce. Hausa tana da kalmomi da yawa na irin wannan hali, kowace da inda ake sa ta.

Izgili ya fi ba'a nauyi, don shi raina abin da ya cancanci girma ne, kamar dattijo, ko malami, ko abinci. Gwalo ba da magana ake yinsa ba, harshe ake zarowa a nuna wa mutum. Gatse shi ne a faɗi kishiyar abin da ake nufi. In yarinya ta fasa tulu, uwarta ta ce, "Madalla, kin kyauta, saura randa," ai ba yabo ba ne. Gori kuwa shi ne a tuna wa mutum rashinsa, ko wani alheri da aka taɓa yi masa, don ya ji kunya.

Habaici da zambo 'yan'uwan juna ne, amma sun bambanta. Mai habaici ba ya kama suna, sai ya yi magana da kaza ko da bango, wanda ake nufi kuwa ya gane da shi ake. Zambo aikin maroƙa da mawaƙa ne, shi ne kishiyar yabo. Su kan zana siffar mutum da aibinsa, har kowa ya san ko wane ne.

Turawan Ingila su ma suna da irin waɗannan kalmomi. Ba'a suna ce da ita mock, kwaikwayon murya ko tafiyar wani kuwa mimic. Sun kuma ari sunan biri da na aku, suna faɗa wa mai kwaikwayo ba da tunani ba.

Akwai kuma zolaya da barkwanci, waɗanda al'ada ta yarda da su. Jika yakan tsokani kakarsa, taubasai sukan yi wa juna, haka Kanawa da Zagezagi, da Fulani da Barebari. Irin wannan wasa ba a fushi da shi, domin kowa yana da damar ramawa, zumunci kuma yake ƙarawa.

To, yaya za a rarrabe wasa da ba'a? Sai a dubi fuskar wanda ake yi da shi. In shi ma yana dariya, wasa ne. In ya sunkuyar da kai ya yi shiru, an cuce shi. Sau da yawa yaron da aka yi wa dariya don ya yi kuskuren karatu ba ya sake ɗaga hannu a aji, wani ma har ya ƙi zuwa makaranta. Alkur'ani mai girma ya hana izgili da jifan juna da mugun laƙabi, a Suratul Hujurati, aya ta 11. Yaro mai hankali, in ya ga nakasar wani ko kuskurensa, yakan tuna da karin maganar nan, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin kwaikwayo da ba'a?
2. Ina bambancin habaici da zambo?
3. Kawo misalin gatse guda biyu.
4. Su wane ne abokan wasan Zagezagi?
5. Yaya ake gane wasa ya zama ba'a?