Yadda ake haɗa akwatin DI da na mayar da sauti don ɗaukar jita

Mai ɗaukar sauti da ya san aikinsa yakan ajiye jita kashi biyu: abin da makirufo ya kama a gaban lasifika, da kuma ɗanyen sautin da ya fito daga jitar kanta kafin ya shiga amfilifaya. Ɗanyen nan shi ne jari. Bayan makaɗi ya tafi, ana iya fito da shi daga kwamfuta a sake bi da shi ta kowace amfilifaya, a matsar da makirufo, a ƙara kaushi ko a rage, ba tare da an sake taɓa tsirkiya ba. Aikin na bukatar hanyoyi biyu, ta shiga da ta fita. Ta shiga ita ce akwatin DI, wanda irinsa Ed Wolfrum ya riƙa haɗawa a Detroit a shekarun 1960. Ta fita kuwa John Cuniberti ne, injiniyan da ya yi aiki da Joe Satriani, ya fito da ita kasuwa da sunan Reamp a farkon shekarun 1990.

Shawarata tun farko ita ce a sa hanyoyin biyu cikin akwati ɗaya, amma kowace da taransifomarta. Akwai masu juya DI ɗaya baya da gaba don tsimin kuɗi. Yana yin aiki, sai dai taransifomar da ke rage ƙarfi sau 12 idan an juya ta ƙara shi take yi sau 12, sai a koma ana fama da rage abin da aka ƙara.

A fara da ɓangaren shiga, domin nan ne sauti ke lalacewa ba a sani ba. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyar jita ba su da ƙarfin tura kaya mai nauyi; sun saba da mashigar amfilifaya mai turjiya wajen om miliyan 1. Mashigar makirufo kuwa ba ta wuce om 1,500 zuwa 2,000. Taransifomar DI irin Jensen JT-DB-E tana da rabon 12 zuwa 1, turjiya kuma tana ninkuwa ne da 12 sau 12, wato 144. Idan aka ninka 144 da 1,500 za a samu 216,000. Ga kibod wannan ya wadatar, amma jita za ta rasa ƙyallin saman muryarta, kuma abin da ya ɓata a nan da wuya a dawo da shi daga baya.

Saboda haka ake sa ɗan cif mai riƙe kaya a gaban taransifomar. Cif ɗin TL072 da batir mai bolt 9 sun isa. Za ka raba wutar batir biyu da rezisto guda biyu masu daraja ɗaya don samun bolt 4.5, ka ja rezisto mai om miliyan 1 daga nan zuwa ƙafar shiga ta cif ɗin, sautin jita kuma ya shigo ta kafasita. Ƙafar fita a mayar da ita kan ɗaya ƙafar shigar, yadda cif ɗin ba zai ƙara ƙarfi ba, riƙe kaya kawai zai yi. Daga nan sai wata kafasita mai mikrofarad 10, sai taransifoma, sai soket ɗin XLR: ƙafa ta 2 da ta 3 su ne na sauti, ta 1 ta ƙasa ce. Kada a manta da soket na biyu da ke haɗe kai tsaye da na shigar jita, wanda zai kai sauti ga amfilifaya, domin makaɗi ba ya kaɗa da rai sai yana jin amsar lasifikarsa.

Ɓangaren fita ya fi sauƙi, ba ya ma son batir. Katin sauti na sutudiyo yana fitar da wajen bolt 1.23, abin da ya fi ƙarfin jita nesa. Ana karɓarsa da taransifoma mai rabon 1 zuwa 1, irin Jensen JT-11P-1 ko ta Edcor mai arha, a bi da shi ta bolum mai om 10,000, sannan a jera rezisto mai kamar wannan daraja kafin soket ɗin fita, don amfilifaya da fedal su ji abin da ya yi kusa da jita.

Kuɗinka ka zuba su a taransifoma. Mai rahusa ƙwarai takan shaƙe idan sauti mai kauri ya bi ta cikinta, kuma takan kwashi ƙugi daga kowace wuta da ke kusa.

Ƙugin nan shi ne babban abokin gaba. Idan kwamfuta da amfilifaya suka haɗu ta wayar ƙasa ta hanyoyi biyu, sai a ji gurnani mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, bugun wutar Najeriya da Nijar. Maganinsa makunni ne a kan ƙafa ta 1 ta soket ɗin XLR a kowane ɓangare, wanda zai yanke haɗin idan an so. Soket ɗin da ke zuwa amfilifaya ya zama mai jikin roba, in ba haka ba jikin akwatin zai sake haɗa abin da taransifoma ta raba. Wayar ƙasa ta fulogin amfilifaya kuwa kada a kuskura a yanke ta, ita ce ke tsakanin makaɗi da mutuwa ranar da wuta ta zube a jikin ƙarfe.

Akwatin ya zama na ƙarfe, kamar Hammond 1590BB. A huda ramuka kafin a fara dalma, a murɗe wayoyin sauti biyu-biyu, a gajarta su. Alminiyom ɗin da aka yi wannan akwatin da shi ba ya tare maganaɗisu, don haka kada a ɗora akwatin a kan amfilifaya.

Kafin a jona komai, a gwada da mita a tabbatar babu haɗi tsakanin ɓangarori biyu na kowace taransifoma. Sannan a kaɗa jita kai tsaye a amfilifaya ana ɗaukar ɗanyen sauti, a mayar da shi ta akwatin, a riƙa murɗa bolum a hankali har lasifika ta fara kaushi daidai inda ta fara da jitar kanta. A yi wa wurin alama da fenti.