Kada kashi 99 ya ruɗe ka

Sana'ata gina manhajojin kwamfuta masu koyo daga misalai, kuma yawancinsu amsarsu biyu ce kacal: e ko a'a. Kuɗin nan da aka tura na damfara ne ko na halal? Hoton ƙirjin nan yana da alamar tarin fuka ko babu? Dabarar ta daɗe. Tun 1958 Frank Rosenblatt na Amurka ya yi bayanin tsarinsa mai koyon raba abubuwa gida biyu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake tallar irin wannan manhaja. Sai mai sayarwa ya ce tana dacewa kashi 99 cikin ɗari, shugaban ma'aikata ya sa hannu.

Mu yi lissafi. A ce cikin tura kuɗi 1,000, goma ne na 'yan damfara. Manhajar da kullum take cewa "halal ne" ta dace sau 990, wato kashi 99, alhali ko ɓarawo ɗaya ba ta kama ba.

Kuskuren irin wannan manhaja iri biyu ne: ta saki mai laifi, ko ta kama marar laifi. Ita maki take bayarwa daga 0 zuwa 1, mutum ne ke ja layi ya ce daga nan sama a ɗauka damfara ce. Ka sauke layin, ka kama ɓarayi da yawa, ka haɗa da bayin Allah. Ka ɗaga shi, jama'a su huta, ɓarayi su sulale.

Na ga haka da idona a wani kamfanin hada-hadar kuɗi da na yi wa aiki. Mun horar da wata manhaja da bayanan watannin da kasuwa ke kwance. Da Babbar Sallah ta matso, dillalan raguna suka fara karɓar manyan kuɗaɗe daga baƙin lambobi har cikin dare, sai manhajar ta yi ta rufe asusunsu. Ba ta taɓa ganin kakar layya ba. Laifin namu ne da ba mu nuna mata ba.

Saboda haka kafin ka amince da irin wannan manhaja a banki, asibiti ko ofis, yi waɗannan tambayoyi. Cikin waɗanda ta zarga, nawa ne masu laifin gaske? Cikin masu laifin gaske, nawa ta kama? An gwada ta da bayanan da ba ta gani ba lokacin horo? Bayanan na mutanenmu ne da lokutanmu? Wa ya ja layin, kuma wa zai saurari wanda ta zalunta?

A gwajin cuta, sakin marar lafiya ya fi muni. A asusun ɗan kasuwa, rufewa bisa kuskure na iya cinye masa cinikin shekara. Auna wannan aikinka ne, manhaja ba za ta yi maka ba.