Makarin Zafi a Rufin Ɗaki: Nazari Daga Kafanchan

1.0 Gabatarwa

A darasin fassara mukan ci karo da kalmomin da ba su da takwara kai tsaye a Hausa. Ɗaya daga ciki ita ce sunan da Turawa suka ba duk abin da ake sa wa gini don ya hana zafi ko sanyi ratsawa. A wannan muƙala zan kira shi "makarin zafi", bisa tsarin sunayen kayan aiki irin su madubi da mabuɗi. Zan ɗauki misalaina daga garinmu Kafanchan, a ƙaramar hukumar Jama'a.

2.0 Rufin Gargajiya

Sirrin makarin zafi shi ne iskar da ke kulle wuri ɗaya, domin ba ta saurin miƙa zafi. Jinka, wato rufin ciyawa, cike take da irin wannan iska a tsakanin siraran ciyayinta, shi ya sa ɗakinta ke da sanyi da rana, da ɗumi da dare. Illarta ita ce gobara da gara.

A Kano da Katsina kuwa soro aka fi sani, inda ake jera azara a shimfiɗa laka mai kauri. Laka kan shanye zafin rana, ta sake shi a hankali da dare. Sai dai daminarmu kan fara tun Afrilu har zuwa Oktoba, kuma ruwanta ya fi na Kano nesa ba kusa ba. Saboda haka Bajju da Atyap da sauran al'ummun yankin suka riƙi rufin ciyawa mai gangare, wanda ruwa ba ya kwanciya a kansa.

3.0 Kwano da Silin

Kafanchan ta bunƙasa bayan ta zama mahaɗar layin dogo a 1927, kuma a yau kwano ne ya mamaye rufin gidajenta. Mai nazarin harshe zai lura cewa an faɗaɗa ma'anar "kwano" ne daga mazubin abinci, ita kuwa "silin" aro ce daga Turanci. Kwano ƙarfe ne, yana miƙa zafi nan take. A watan Maris ɗaki kan zama kamar tanda, da hunturu kuma sanyin da ke saukowa daga duwatsun Kagoro ya ratso, wani lokaci har raɓa ta riƙa ɗiga daga rufin. Maganin wannan shi ne silin, kuma iri-iri ne:

(a) Na kwali: yana da araha, amma yoyo kaɗan kan sa ya kumbura ya ruɓe.

(b) Na roba: ruwa ba ya ɓata shi, amma wuta na narka shi, hayaƙinsa kuma guba ne.

(c) Na farar ƙasa, wanda magina ke kira P.O.P.: ba ya cin wuta, sai dai tsada, kuma ba ya son laima.

(d) Na asbesto: ƙurarsa na haddasa sankarar huhu. Birtaniya ta haramta shi a 1999, Tarayyar Turai kuma a 2005. Wanda ya tarar da shi a tsohon gida kada ya fasa shi ko ya goge shi.

4.0 Yadda Za a Zaɓa

Shawarata ita ce a fara duba ruwa kafin zafi. A toshe yoyo tukuna, domin makarin da ya jiƙe ya tashi daga aiki. Sannan a bar tazara tsakanin kwano da silin, a buɗe ƙananan kafofi masu raga a gefe don iska mai zafi ta fita, jemage kuma ya rasa hanyar shiga. Kwano mai farin launi ya fi baƙi mayar da hasken rana.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa yanayin wuri ne ke zaɓa wa mutum makarin da ya dace da shi, kuma abin da ya yi wa Bakano daidai ba lallai ya yi wa mutumin Kafanchan ba. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu je wurin magina mu tattara kalmomi irin su indararo da makuba da tubali, tare da takwarorinsu na Jju da Tyap, tun masu saninsu suna raye.