Darasi: Hattara da kayan fasa-ƙwauri

Ƴan uwa manoma, Magariya da Dungas suna bakin iyaka da Najeriya. Ƴan fasa-ƙwauri kan bi hanyoyin daji da giya, da ƙwayar taramol, da maganin ƙwari. Duwan ba ta gan su ba. Likita bai auna su ba.

Giyar da ake dafawa a ɓoye tana iya ƙunsar guba mai suna metanol. Kaɗan daga gubar nan kan makantar da mutum, ko ta kashe shi. A shekarar 2015, irin wannan giya ta hallaka mutane masu yawa a jihar Ribas ta Najeriya.

In wani ya sha, ganinsa ya dushe, a kai shi asibiti nan take.

Tambaya: Wace illa metanol ke yi?