Gasar tirayatalon ta farko: abin da za ka yi da watannin sanyi

Wani ɗalibinmu da ke karatu a Leeds, arewacin Ingila, ya aiko da tambaya. Yana sha'awar shiga gasar tirayatalon, wato iyo da tseren keke da gudu a jere ba hutu, amma ga sanyi ya kankama, a watan Disamba rana kan faɗi tun kafin ƙarfe huɗu. Shin ya jira gari ya yi ɗumi?

Kada ka jira, ɗan'uwa. A garin nan da kake zaune Alistair Brownlee ya yi atisayensa, cikin wannan sanyi da yayyafi, har ya ci zinare a Olamfik na 2012 da na 2016. Sai dai kai ba da tazarar Olamfik za ka fara ba, mai iyon kilomita 1.5, keke 40, gudu 10. Nemi gajeriyar: iyon mita 750, keke kilomita 20, gudu 5. Akwai ma waɗanda ake shirya wa sababbin shiga wajen Afrilu da Mayu, inda ake iyon mita 400 kacal a wurin ninkaya na cikin gini. Irin wannan nake so ka yi rajista tun yanzu, ka biya kuɗinka, don ranar da ka sa a gaba ita za ta riƙa fitar da kai daga bargo.

Mafi yawan lokacinka ka ba wa iyo. Da yawanmu ba mu koya ba sam, waɗanda suka koya a rafi ko kududdufi kuma sun saba iyo kai a sama. Matsalar ita ce da zarar ka ɗaga kai, ƙafafu sai su nutse, ka riƙa jan jiki da ƙyar, kafin ka kai bango ka fara haki. Abin koyo na farko shi ne numfashi: fuska a cikin ruwa, kana furzar da iska a hankali ta hanci da baki, sannan ka juya kai gefe, kunne ɗaya na cikin ruwa, ka shaƙa. Wanda ya riƙe numfashi yana jira sai ya ɗago sannan ya fitar ya shaƙa a lokaci guda, shi ne ke shan ruwa ya firgita. Wuraren ninkaya na ƙaramar hukuma na da darasin manya, kuma babu abin kunya a ciki. Ga 'yan'uwa mata, wasu daga cikin wuraren na ware lokacin mata zalla. Ka je sau biyu ko uku a mako, rabin awa ya isa. A wuri mai tsawon mita 25, tsallakawa 16 ita ce mita 400. Ka fara da bibbiyu kana hutawa, kana ƙarawa mako-mako. Tafki ko kogi kuwa, ka bar shi sai lokacin zafi, tare da masu kula. Ruwan da bai kai digiri 15 ba yana iya sa mutum ya shaƙi iska ba da niyya ba da zarar ya faɗa, ko da gwani ne.

Keke ba sai mai tsada ba, kowanne mai birki lafiyayye ya wadatar. Ranar da titi ya yi ƙanƙara ka hau na gidan motsa jiki, minti arba'in zuwa awa guda. In za ka fita bayan faɗuwar rana, doka ta wajabta farar fitila a gaba da ja a baya. Ka sa safar hannu mai kauri, domin yatsun da suka sandare ba sa kama birki.

Gudu kuma ka yi shi a hankali, yadda za ka iya hira da na kusa da kai. Saurin ƙara tazara shi ke jawo ciwon gwiwa da ƙwauri. Duk Asabar da ƙarfe tara na safe ana gudun parkrun na kilomita 5 kyauta a Woodhouse Moor, dab da jami'a, kuma ana karɓar har mai tafiya da ƙafa. Ka sa riguna marasa nauyi biyu ko uku maimakon babbar guda ɗaya, kuma ta jikin fata kada ta zama ta auduga, tana riƙe gumi ta sanyaya ka.

Sanyi na ɓoye ƙishirwa, don haka ka sha ruwa ko ba ka ji ba. Hukumar lafiya ta Ingila na ba da shawarar shan bitamin D maikirogiram 10 kullum a watannin sanyi, ga masu baƙar fata kuwa duk shekara. Ranar da kake zazzaɓi ko tari ya sauka ƙirji, ka kwanta. In azumi ya faɗo cikin shirinka, ka rage nauyin atisaye ka mai da shi bayan shan ruwa.

Idan saura wata guda da rabi a yi gasar, sau ɗaya a mako ka sauka daga keke ka zarce da gudun minti goma. Ƙafafu za su yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun gero, amma suna sabawa. Ka kuma gwada sauya kaya daga na iyo zuwa na keke a ɗakinka har hannu ya saba da tsarin: hular kwano a ka, a ɗaure maɗaurinta, sannan a taɓa keke. Alƙalan gasa na hukunta wanda ya ɗauki keke kafin ya ɗaure hula.