Ƙarambau ba ya barin jiki

Wani dattijo manomi daga wajen Dosara aka kawo mana asibiti a Talata Mafara, ɗansa na jan sandarsa. Ƙuraje masu ruwa sun feso masa daga goshi zuwa fatar ido har kan hanci, gefen dama kaɗai, sun tsaya cak a tsakiyar fuska. Ya ce tun kafin su fito yake jin wurin kamar an ɗora masa garwashi. Mutanen gida suka ce jifa ne. Aka shafa toka da man shanu, aka yi hayaƙi. Da abin ya ƙi, wani mai kyamis ya danna masa allurar dexamethasone, ya ƙara masa da maganin ɗigawa a ido mai sitiroyid. Ko duba idon bai yi ba! Da na ɗaga fatar, baƙin idon ya yi fari. Na ce, "Baba, kana ganin hannuna?" Ya ce a'a. Mun tura shi Sakkwato, amma idon ya riga ya tafi.

Ƙwayar ƙarambau ce, wanda ya yi tun yana yaro. Ƙurajen yarinta sun warke, ita kuwa ta bi jijiyoyin fata ta laɓe a ƙullutun jijiya kusa da laka da gindin ƙwaƙwalwa, shekara da shekaru. Ran da garkuwa ta yi sanyi, ko don tsufa, ko ƙanjamau, ko sitiroyid, sai ta gangaro ta jijiya ɗaya. Shi ya sa gefe ɗaya take kamawa. Furotin na jikinta, gB da gH, suna sa ƙwayoyin fata su narke su haɗe, ta ratsa daga wannan zuwa wancan. Jijiyar ma takan kumbura ta lalace, zafin ya ɗauki watanni bayan fata ta bushe.

Maganin wannan ciwo, acyclovir, ya fi aiki cikin awa 72 da fitowar ƙuraje. Kwana uku ke nan, jama'a. Ƙurji a kan hanci alama ce ido na cikin haɗari, a zo ran nan.

Kada a ba yaro mai ƙarambau asfirin. Mai ciki ta nisanci mai ƙurajen. Allurar ƙarambau ba ta cikin rigakafin yara na yau da kullum a Najeriya.

Masu kyamis, ku ji tsoron Allah. Ido ya yi ja ba ku san dalili ba, ku daina ɗiga masa sitiroyid. Ku daina.